Jaka ce ko buhu? Lambar kwastan ta jakunkunan tafiya na yadi

Mai Jaka S/Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara tun kafin in jefa kaina a rijiya. Na ba wata masana'anta a Gwanzu ta ƙasar Caina odar jakunkunan tafiya guda 3,000, doguwar nan ta yadi mai zif a sama, da hannu biyu, da igiyar ratayawa, da aljihu a gefe. Rabi masu taya biyu a gindi, rabi babu. Niyyata in kama kasuwar ɗalibai idan jami'ar ABU ta Zariya ta koma, in kuma kama ta maniyyata. Na biya kafin alƙalami kashi 30, sun ce ranar Litinin za su fara yanka. Da na je banki zancen Fom M, takardar da mai shigo da kaya daga waje ke cikewa, sai aka ce in kawo lambar HS, wato lambar da kwastan ke rarrabe kaya da ita. Mutumin Caina ya rubuta 4202.92 a takardar farashi. Ejan ɗina na Legas mai yi mini fiton kaya a tasha kuwa ya ce in sa shi ya goge ya rubuta 6305, wai ai yadi ne, kuma duk abin da aka ɗinka da yadi babi na 63 yake. Da na matsa da tambaya sai ya ce in bar masa, aikinsa ne. Hankalina dai bai kwanta ba. Wanne ne daidai?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ina ganin ejan ɗinka ya fi mutumin Caina sanin tashar Legas. Babi na 42 ai na kayan fata ne, kowa ya sani. Taka ta yadi ce, me ya haɗa ta da fata? Ka bi maganar ejan kawai.

Na Kwari:
Zage-zagi an fara shigo da kwantena, lallai duniya ta ci gaba. Da can sai dai ku zo Kwari ku sari dozin biyu ku koma a motar Kwangila.

Mai Jaka S/Gari:
Bakano, yau ba ranar wasa ba ce, kuɗina na can hannun mutane. Ka bari in na fita daga wannan zan waiwaye ka.

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
Alhaji, kar ka bari a taɓa wannan lambar. Na yi shekara 19 ina fito a Apapa da Tin Can kafin gwiwa ta dawo da ni gida, kuma abin da ya fi cinye dukiyar mutanenmu a tasha ba guguwar teku ba ce, wannan "bar mini, aikina ne" ɗin ce.

Bari in tambaye ka da Hausa tukuna. In ka aiki yaron shagonka ka ce ya ɗauko maka buhu, sai ya zo da jakar nan mai zif da igiya, ba za ka ce masa kansa ɗaya kuwa? To littafin kwastan ma haka yake. 6305 gidan buhu ne: buhun masara, algarara, buhun taki, abin da ake zuba haja a ciki a ɗinke baki a loda a mota. Jakar da mutum zai zuba tufafinsa ya rataya ya hau mota zuwa Abuja gidanta 4202. Mutumin Caina bai yi kuskure ba. Shi kullum fitar da irin wannan kayan yake yi, kuma lamba shida na farko iri ɗaya ce a Caina da Najeriya da Jamus.

Baban Khalifa:
Baba, da girmanka, amma kan babin ai fata aka rubuta. Na duba da idona.

Maman Ilham Kongo:
Baban Khalifa, ka duba amma ka tsaya a rabin layi. Kan babi na 42 ya ce kayan fata, da sirdi da linzami, da kayan tafiya, jakunkunan hannu da makamantansu. Kayan tafiyar suna nan a rubuce. Ko da ma ba a rubuta ba, ƙa'ida ta farko cikin ƙa'idoji shida na fassara tsarin ta ce kan babi don sauƙin nema ne kawai, hukunci yana ga kalmomin da ke ƙarƙashin lambar da kuma bayanan sashe da na babi.

To mu je ga kalmomin. Lamba 42.02 kashi biyu ce. Kashin farko ya lissafa adaka, akwatin tafiya, jakar ofis, jakar makaranta mai kama da akwati, gidan tabarau, gidan kyamara da irinsu, bai kuma ɗaure su da abin da aka yi su da shi ba. Kashi na biyu ya lissafa jakar tafiya, jakar goyo, jakar hannu, jakar cefane, walat, jakar wasanni da sauransu, ya ce na fata, ko na shimfiɗaɗɗiyar roba, ko na yadi, ko na kwali. Ka ga yadin da bakinsa aka ambace shi.

Abin da ya rufe zancen ma yana can a sashe na 11, wanda shi ne ya ƙunshi duk kayan saƙa tun daga babi na 50 har na 63. Bayani na farko na sashen ya jero abubuwan da ba ruwansa da su, a ciki har da kayan yadi na 42.01 da 42.02. Wato gidan yadin da kansa ya ce wannan ba 'yarsa ba ce, a kai ta 42. Don haka ko 6307, wadda wasu ke fakewa da ita don tana cewa "sauran kayan da aka ɗinka", ba za ta karɓi jakar Alhaji ba.

Mai Jaka S/Gari:
Allah ya saka da alheri Malama. To masu tayar fa? Su ma 4202.92 ɗin ne?

Maman Ilham Kongo:
Taya kaɗai ba ta mai da jaka akwati. In jikinta laushi ne, ka kwashe kaya ta kwanta, jakar tafiya ce, 4202.92, wato mai bayan roba ko yadi. In kuwa tana da ƙashi, tana tsaye da kanta, ana buɗe ta kamar akwati, da maɗaukin ƙarfe da ake zarowa, ta koma 4202.12. Abin da ake kallo bayan an gane irin jakar shi ne fuskarta ta waje, wadda ido ke gani. Fata ce, lambar ta ƙare da 11 ko 91. Roba ko yadi, 12 ko 92. Jakar hannu ta mata 21 da 22, walat da abin sawa a aljihu 31 da 32. Shafin ciki ba ya shiga lissafi, haka 'yar fatar da ake liƙawa a hannu don ado ba ta mai da ita jakar fata.

Najeriya na ƙara lamba huɗu a kan shidan su zama goma, bisa jadawalin haraji na bai ɗaya na ECOWAS da aka fara aiki da shi a 2015. Shidan farko na Hukumar Kwastan ta Duniya ne da ke Brussels, tun 1988 ake amfani da tsarin, ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, an yi a 2017 an yi a 2022. Shi ya sa tsohon littafin da wani ejan ya haddace tun zamanin Obasanjo ba abin dogaro ba ne.

Baban Khalifa:
To na yarda, na faɗi jarrabawa. Amma bari in yi abin da na iya. Jadawalin ECOWAS hawa biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kayan da aka gama kamar jaka suna hawa na 20. A ce kayan da kuɗin jirgi da inshora sun kama naira miliyan 10, kayan kaɗai miliyan 9. Kuɗin fito miliyan 2. Ƙarin kashi 7 a kan kuɗin fiton, 140,000. Rabin kashi ɗaya na ECOWAS, 50,000. Kashi 1 na bincike a kan miliyan 9, 90,000. Sai VAT kashi 7.5 a kan jimlar duka, wato 12,280,000, ya ba da 921,000. Gaba ɗaya 3,201,000. Wannan shi ne lissafin da aka saba, ban da cajin kashi 4 da aka yi ta sakawa ana dakatarwa a 2025, ban da kuɗin kamfanin jirgi da na tasha da na mota. Alhaji ka raba a kan jaka 3,000 ka ga ko akwai riba.

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
Lissafinka ya yi kyau ɗana, sai dai ka auna ɗaki alhali ƙofar gidan a kulle take. Ku tambayi kanku, me ya sa ejan ke gudun 4202? Ruwa ba ya tsami banza. Ba don kashi 20 ba ne. Shekara da shekaru a zamanina, jerin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su don kasuwanci yana ɗauke da layi guda da ya ce takalma, jakunkuna da akwatuna kowane iri, ya kuma ambaci lambobin: 6401 zuwa 6405 na takalma, 4202.11 zuwa 4202.99 na jaka. Abin da aka togace shi ne takalmin kariya na ma'aikatan mai, takalmin wasanni, kambas, da sassan da ba a harhaɗa ba. Duk tsawon zamana a tasha wannan layin yana nan. Ma'aikatar Kuɗi ce ke taɓa jerin ta takardar manufofin haraji da take fitarwa, saboda haka Alhaji, kafin Litinin ka sa a buɗe maka jerin na bana a shafin kwastan, ka kuma tambayi teburin Fom M na bankinka, ka ga layin da idonka. Ejan ɗinka ya san da shi, shi ya sa yake so ya sa wa jaka rigar buhu.

Mai Jaka S/Gari:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi Baba bai taɓa faɗa mini ba. Shekara biyu muna hulɗa, amma a kan kayan wuta ne da fitilu.

Na Kwari:
To Baba, wasa a gefe. In an hana, wannan tulin jakar Caina da ke Sabon Gari taku da tamu, da Kofar Wambai, daga sama take faɗowa? Ko akwatunan lefen da ake jerawa saiti shida-shida?

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
Abin da ka gani a kasuwa ba shi ne doka ba, Bakano. Wata ta biyo daji, wata ta shigo a kayan fasinja kaɗan-kaɗan, wata a nan ƙasar aka harhaɗa ta aka liƙa mata tambarin waje don ku ne ba ku sayen abu sai kun ga rubutun da ba ku iya karantawa. Wanda ya tsallake kana ganin kayansa a rumfa. Wanda bai tsallake ba yana gida yana jinyar hawan jini, ba ya zuwa ya ba da labari.

Hajiya Mai Lefe:
Ni zan ba da labari, don ni ce wadda ba ta tsallake ba. Shekara huɗu ke nan. Mu uku muka haɗa kwantena ƙafa 40, ni akwatunan lefe saiti 120, ɗaya kayan kicin, ɗaya labule. Wanda muka damƙa wa fiton ya rubuta nawa a matsayin robobin ajiye kaya na babi na 39, ya ce ai jikinsu roba ne. Ban san komai ba lokacin, na ga dai takarda da hatimi na ce alhamdu lillahi. Ranar duba kaya aka yanke sil aka buɗe ƙofa, abin da ya fara gaishe da jami'in shi ne akwatina ruwan hoda mai taya huɗu, an jera ƙanana cikin manya, ga ɗan kit ɗin kwalliya a can ciki kamar 'yar tsana. Ɗan'uwana da ke wurin ya ce mutumin bai ko ɗaga murya ba, ya ja maɗaukin ya zaro shi, ya tura akwatin ya gangara a kan siminti, ya dubi takardar ya dubi ejan ya ce wannan ce robar?

Kwantenar ta yi wata biyu da kwana tara a tasha. Kullum kuɗin ajiya da na kamfanin jirgi suna hawa, masu labule da kayan kicin da ba su ci ba su sha ba suna kirana dare da rana. Su daga baya aka sakar musu nasu bayan an biya abin da ya taru. Nawa ban sake ganinsu ba. Ejan kuwa wayarsa ta daina shiga tun sati na uku. Sunan da ke kan Fom M nawa ne, ba nasa ba. Filina na Danmagaji na sayar na biya matan da suka ba ni kuɗin lefen 'ya'yansu, har da wadda aka ɗaga bikin 'yarta saboda ni. Wannan kunyar ta fi asarar ciwo.

Mai Jaka S/Gari:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Jikina ya yi sanyi.

Maman Ilham Kongo:
Amin. Kuma ka ga, ko akwatin na ƙarfe ne ko na alminiyom bai fita daga 4202 ba, sai dai ya koma 4202.19, saboda kashin farkon nan bai damu da abin da aka yi shi da shi ba. Robar da babi na 39 ke karɓa ita ce irin ledar shago mai hannu wadda ba a yi ta don dogon amfani ba, 3923. Wannan ma bayanin babi na 42 ne ya faɗa da kansa.

Ɗan Autan Gyallesu:
Malama ina da tambaya, ta ɗalibi ce. Gana-mas-go fa? Ita da buhun taki ai abu ɗaya aka saƙa su da shi. Mu a gida bakko ma muke ce mata. Buhu ce ko jaka?

Maman Ilham Kongo:
Tambayar ta fi ta wasu manya. Zaren ɗaya ne, aikin ne ya bambanta. Buhun taki bakinsa a buɗe, ana ɗinke shi a kan haja, 6305.33 in na zaren roba ne. Gana-mas-go an yi mata siffa mai kusurwa huɗu, an sa zif an sa hannu don mutum ya zuba kayansa ya ɗauka, yau da gobe da jibi. Ta shiga layin jakar tafiya da ta cefane. Sunanta ma daga tafiya ya samo asali, korar baƙin da aka yi a 1983 zamanin Shagari, da 'yan Gana suka cika irinta suka nufi iyaka.

Amma akwai wani ɗan wuri mai daɗi a nan. Ka zare silin zaren guda ka ɗora a kan rula. In faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, littafin yana ɗaukarsa zare ne, abin da aka saƙa da shi yadi ne, jakar tana 4202.92. In ya wuce milimita 5 ya tashi daga zare ya koma abin kitso kamar kaba, jakar da aka kitsa da shi ta tafi 4602, gidan kwando da lefen kaba. Milimita ɗaya tana iya sauya babi.

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
Wannan ya tuna mini, mu Hausawa ai ba baƙin wannan rabe-raben ba ne. Gafaka daban, ta littafin malami ce. Zabira ta wanzami. Burgami daban, taiki na jaki da raƙumi, alabe na kuɗi, mangala ta yashi. Duk ana zuba abu a ciki, amma ba mai kiran gafaka taiki. Yau sai a ce wai an rasa gane jaka da buhu. Ba a rasa ba, so ake a rasa.

Sarkin Yawo PZ:
Ku dai kuna ta wahalar da Alhaji da turancin littafi. A sauke a Kwatano, a sake kwali, a shigo da ita a matsayin kayan ECOWAS, ba haraji ba hani. Mutane nawa ke yi?

Maman Ilham Kongo:
Sauka a Kwatano ba ya mai da jakar Gwanzu 'yar Benin. Rangwamen ECOWAS na kayan da aka yi a cikin yankin ne, masana'antar da kayan sai an yi musu rajista, kuma sai da takardar shaidar asali. Sauya kwali ba sarrafawa ba ne.

Admin:
Sarkin Yawo, a kiyaye. Ba a koyar da fasa-ƙwauri a nan. Kuma kowa ya san hanyar Legas zuwa Zariya ba shinge ɗaya ba ne, ofishin shiyya ta B na 'yan sintirin kwastan ma a Kaduna yake, ƙofar gidanmu.

Sarkin Yawo PZ:
Na janye, ranka ya daɗe. Amma a bar ni in faɗi ra'ayina: hanin nan bai yi ba. An ce don a kare masana'antun gida. Ina suke? Ku je Kakuri ku ga masaƙun da suka ciyar da Kaduna, KTL da Arewa da UNTL, ciyawa ce a ciki. Ka hana shigo da jaka, ba ka ba mai ɗinkin jaka wuta ba, ba ka ba shi yadi ba. Wa aka kare? Mai bin daji kawai aka ƙara wa riba.

Baduku Samaru:
Rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ba ka leƙo wurinmu ba ne. Ni a makarantar fata ta Samaru na koyi aikin nan, kuma shekara 11 ina ɗinka jakar makaranta da ta tafiya. Aba ma da me kasuwar Ariaria ta tsaya in ba takalmi da jaka ba? Matsalarmu ba hannu ba ne. Zif ne. Zif ɗin da ke kasuwa ka ja shi sau ashirin ya buɗe baki ta baya, mai saye ya dawo ya ce aikin gida ba shi da kyau, alhali ɗinkina ko zare ɗaya bai tsinke ba. Sai yadin, mai kaurin nan da ake ce wa 600D, wanda aka shafa wa roba ta ciki, in ka samu yau a Kano gobe babu, ko kalar ta sauya. Da masu kuɗi irin su Alhaji za su kawo mana yadi bandir-bandir, da zif mai lamba 8 da 10 na ƙwarai, da igiya da ƙarafunan maɗauri da taya, wallahi jakar da ya kwatanta ni da yarana shida muna fitar da 40 a rana in akwai wuta. In babu, janareta ya ci ribar, wannan kam na yarda da Sarkin Yawo.

Baban Khalifa:
To ai ga mafita. Baba ya ce an togace sassan da ba a harhaɗa ba. Alhaji ya ce su ɗinka komai su bar igiyar ratayawa kawai a cire, a zo nan a maƙala. Shi ke nan ta zama sassa.

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
Kai dai Baban Khalifa da saurin kai ƙarshen hanya. Malama, faɗa masa ƙa'ida ta biyu.

Maman Ilham Kongo:
Ƙa'ida ta 2(a) ta ce abin da bai ƙarasa ba, in dai ya riga ya ɗauki ainihin siffar gamammen, ana ba shi lambar gamammen. Haka wanda aka kawo a wargaje don a harhaɗa. Jakar da aka ɗinke jikinta aka sa zif, igiya kawai ta rage, jaka ce, ba mai kiranta sassa. Ko yankakkun ɓangarori ne cikakku, saiti-saiti, lambar na iya komawa 4202 ɗin, sai dai a yi maganar ko togaciyar ta shafe su, kuma wannan ba a bakin ejan ake jin sa ba. Tun 2024 kwastan suka buɗe tsarin hukuncin gaba, ka aika bayanin kayanka da hotuna da samfuri kafin ka yi oda, su ba ka lamba a rubuce wadda za ta ɗaure su su ma. Mai son kawo yankakku ya bi ta nan tukuna.

Wanda ya fi tsabta shi ne abin da Baduku ya faɗa, kowane kaya da gidansa. Yadin da aka shafa wa roba har ido na gani, 5903. Saƙaƙƙen yadin poliyesta wanda ba a shafa ba, 5407. Igiyar nan mai faɗi, 5806. Zif, 9607. Ƙarafunan maɗauri da ƙugiya, 8308. Keken ɗinki, 8452. Kowanne a layinsa a Fom M, kowanne da harajinsa. Kar dai Alhaji ya ɗauka don shi kayan aiki ne a wurinsa to yadin ma hawa na 5 zai samu. Yadin da aka saƙa aka rina, a idon littafin ya riga ya yi nisa da ɗanyen kaya. A duba kowace lamba goma a jadawalin kafin a yi lissafin riba.

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
In ƙara ɗaya. Abin da ka rubuta a Fom M shi zai bi ka har ƙarshe. Daga shi ake fitar da PAAR, takardar tantance kaya kafin su iso, wadda kwastan da kansu ke bayarwa tun ƙarshen 2013, daga ita ejan ke shigar da bayanin kaya, ranar dubawa kuma takardar ake riƙewa a hannu ana kallon abin da ke cikin kwali. In kuskuren lamba ne a kan halastaccen kaya, a rubuta maka DN, wato takardar neman cikon haraji, ka cika ragowar kuɗin, ka yi asarar kwanaki. In haramtacce ne aka sauya wa suna, dokar kwastan ta 2023 ƙwacewa ta tanada, kuma maganar na iya kaiwa kotu. Ka nemi kwafin kowace takarda ka karanta da kanka. In kuma kana son kayan su zo kusa da gida, akwai tashar tudu ta Kaduna a Kakuri tun 2018, ga ta Dala a Kano, ga ta Funtuwa. Amma littafi ɗaya ake buɗewa a duk cikinsu, kar wani ya ce maka a can jaka tana zama buhu.

Na Kwari:
Ni dai abin da na fahimta, Bazazzagi zai buɗe masana'anta. Baduku, in kun fara ku rubuta "an yi a Kano" a jiki don ta samu shiga.

Baduku Samaru:
Za mu rubuta Zazzau da manyan baƙi, ku zo ku sara dozin biyu ku koma a motar Kwangila.

Mai Jaka S/Gari:
Salam jama'a, ga yadda ake ciki. Jiya da asuba, lokacin su rana ta yi, na kira mutumin ta WeChat, ɗan wana da ke karatu a can ya yi mana tafinta. Na ce a dakata da yanka. Da farko ya ƙi, ya ce ya riga ya sayi yadin, bandir 60, baƙi da ruwan toka da shuɗi. Na ce to yadin nake so yadda yake, da zif ɗin da igiyar da tayoyin da ya tanada. Mun yi ta ja har kusan awa guda. A ƙarshe ya yarda zai mai da kafin alƙalamin kan kayan, amma zai cire dala 400 na zanen samfuri da wahalarsa, zai kuma sa mini jaka biyu da ya riga ya ɗinka a DHL don a kwaikwaya. Na ce na ji. Ejan kuma na ce ya dakata, da na ambaci 4202.11 zuwa 4202.99 shiru ya yi, sai ya ce wa ya faɗa mini.

Baba, ina so in kawo maka sabuwar takardar farashin ka duba kafin in koma banki. Malama, zan turo miki lambobin ta akwatin sirri in ba damuwa. Baduku, keke nawa gare ka masu cin yadi mai kauri?

Baduku Samaru:
Uku, ɗaya na buƙatar gyara. In aikin ya tabbata sai an ƙara biyu. Ka ce masa zif ɗin ya zama a naɗe, kan zif ɗin daban a leda, kuma ya ƙaro kai ɗari biyu ko uku a sama don wasu kan zo a karye. Samfurin in ya iso kar ka ba kowa, ni zan farke ɗaya in fitar da awo.

Tsohon Ɗan Fito T/Wada:
Ka zo gobe bayan la'asar, ina ƙofar gida. Ka taho da takardar a buge, idona ba ya ganin rubutun waya. Tayoyin nan ma ka tambaye shi faɗinsu da abin da aka yi maƙalinsu da shi, ƙarfe ko roba, don su ma sai mun nemo musu gida.

Hajiya Mai Lefe:
Baduku, kuna yin kit ɗin kwalliya? In kuna yi ina son ganin guda, ruwan hoda.